Kwaɗo Goma Sha Biyu

Kwaɗo nake sayarwa a kasuwar Garwa,
layi na uku, daura da masu gyaran rediyo.
Ban taɓa ganin kwaɗo ya fi gero tafiya ba
sai bana.

Auduga ta faɗi, manoman Pitowa sun ɗauke ƙafa,
masu sari daga Yola ko sallama babu.
Tanimu tela na taka keke ba zare,
don dai kada a ce yana zaune.

Amma takardar meri ba ta san fari ba.
Ta zo ran Litinin da shuɗin hatimi:
fatanti, kuɗin rumfa, kuɗin allon suna,
kuɗin shara,
sharar da ke bakin kwata tun azumi
har kuɓewa ta tsiro a kanta.

Abbo ke rabawa, ɗan unguwarmu,
takalminsa ya wage baki kamar mai hamma.
Wata huɗu, in ji shi, bai ga albashi ba.
Ya ce, "Baba, kwaɗo goma sha biyu,
rubuta bashi, meri za ta biya."
Na ƙirga masa. Har ragi na yi.

Ran Laraba na ga hajata a rataye
a ƙofar Dijatu mai atamfa,
a ƙofar Goni mai turare,
a ƙofar Tanimu.
Na gane su, ni na ɗiga musu mai.
A sahun la'asar Tanimu ya janye kafaɗarsa daga tawa.

Na ɗauki littafin bashi na nufi meri:
ku cire kuɗin kwaɗona daga fatantina.
Magatakarda bai ɗago kai ba, ya ce,
"Wannan aljihu daban, wancan daban."
Na ce wandon fa?
Ya kira na bayana.

Jiya suka iso rumfata.
Abbo na kallon ƙasa, hannunsa na rawa.
Na goma sha biyun ne,
mai ɗan tabo a gindi.
Ni na nuna masa yadda ake danna shi,
yana da gardama.

Makulli bibbiyu na ba shi.
Kowane kwaɗo da uku yake zuwa.

Yanzu dare ne, ruwa ya ɗauke,
kwaɗin Binuwai na ta kuka ba mai karɓar ko dala.
Ina kwance, ban cire riga ba.
Duk juyin da na yi
aljihuna sai ya yi magana.