Ƙoƙo Ba Ya Miƙewa

Shekara talatin mahaifina na hawan kwakwa a Kumarakom,
igiya a idon sawu, adda a ƙugu,
bai taɓa faɗowa ba sai Talatar nan,
kuma ko rabin bishiyar bai kai ba.

Ya tashi da kansa. Ya karkaɗe zanensa.
Ya yi wa bishiyar dariya, wai tsufa ya kama su su biyu.
Ya ci shinkafa da kifi, har da neman ƙari,
sannan ya ce kansa na sara,
bari ya ɗan kishingiɗa.

Da yamma ya yi amai.
Inna ta girgiza shi: Velayudhan, Velayudhan,
ita da ba ta taɓa kama sunansa a gabanmu ba.
Amsar sai minshari,
mai nauyi, wanda ba nasa ba.

Kwalekwale, sannan keke mai ƙafa uku,
sannan farin hasken asibitin Kottayam.

Dakta Kuruvilla ba ta gaishe mu ba.
Ta ɗaga fatar idonsa da babban yatsa, ta haska tocila.
Na dama ya tsuke.
Na hagu ya ƙi, ya tsaya a wangale, baƙi ƙirin,
bakin rijiyar da ba a ganin ruwanta.
Ta matse masa farce: hannu ɗaya ya janye,
ɗayan ya yi kamar ba da shi ake ba.
"Ya yi magana bayan faɗuwar?"
Na ce har dariya ya yi,
ina jin kamar albishir na kawo mata.
Ta dubi agogo.

Na'ura ta haɗiye kansa, ta fito mana da shi falle-falle.
A falle na tara ga wani fari, kamar ɓarin lemo,
ya lafe a bango, ya ture mai gida gefe.

Ta ce, "Ke 'yar mai kwakwa ce, kin san ƙoƙo.
Ba ya miƙewa.
Jijiya ta tsinke nan saman kunne, tun rana take tsiyaya,
ɗaki ya cika, ba ƙofa, ba taga.
In jini ya ƙi fita, ƙwaƙwalwa ce za ta nemi hanya."

Na sa hannu a takarda ban karanta ba.

Suka ɗaga kan gadon.
Suka ɗura masa ruwan gishiri ta jijiya ya tsotse kumburi.
Reza ta bi ta kan furfurar da inna ke shafa wa mai.
Ƙofa ta rufe.
Abin da ya biyo baya labari aka ba ni:
an huda, an ɗaga ƙashi kamar murfin tukunya,
an kwashe guda-gudan jini, an ƙona bakin jijiyar,
abin da aka danne ya sake bugawa a hankali.

Kwana uku ina gadin lamba.
Siririyar waya daga kansa zuwa allo:
sha huɗu, sha bakwai, ashirin da biyu idan ya yi tari.
An ce ƙasa da ashirin ake so.
Ban san mutum na iya tsanar lamba ba.

Nas Leelamma na zuwa kowace awa da tocilarta.
"Buɗe ido. Matse hannuna. Ina ne nan?"
Shiru.
Daren na huɗu ta sake cewa matse,
hannun bai motsa ba,
amma ƙarƙashin bargo na ga sawayensa sun haɗu,
tafi na neman tafi,
kamar akwai itace tsakaninsu.

Yanzu yana gida. Yana kira na da sunan yayata,
wani lokacin ya gane, ya yi tsaki.
Addar na rataye, ta soma tsatsa.
Idan girki ya zo kan kwakwa, inna ke fasawa.
Ni nakan fita bakin ruwa
in tsaya har sai ta gama.