Ɗan Mai Burodi

Shekara ashirin da biyu ina kwaɓa fulawa a Mabera,
hannuna cikin ƙullu tun kafin zakara ya yi cara,
ƙamshin burodina kan riga ladan tada unguwa.
Da shi na yi aure, da shi na rufa kwano a ɗaki.
Ku tona duk abin da na mallaka,
a ƙarƙashinsa za ku tarar da alkama.

Jabbi, autana, shi nake ware wa fitowar farko,
in tsaga da zafinsa, in tsoma masa a shayi.
Yana ci ina murna,
yana ci yana rama.

Ciki ya taso kamar tulun Rumbukawa,
ƙafafu kuwa sillen kara.
Zawo mai maiƙo, ba dare ba rana,
na ja fatar idonsa, fari fat, ba ɗigon jini.
Ƙuraje a gwiwar hannu, da susa yake kwana,
sa'o'insa sun kere shi, shi ko ya ƙi girma.

Inno ta ce shawara ce, muka jiƙa sassaƙe.
Maƙwabci ya ce tsutsa ce, muka sayo ƙwaya.
Ni kuma, da ganin ba ya ƙiba,
sai na ƙara masa burodi safe da yamma.

Likitar da ta gano ba ta ɗaga murya ba.
An ɗebi jini, an leƙa hanji, muka yi ta jira.
Ta ce, Malam Sambo, mece ce sana'arka?
Na faɗa da alfahari. Ta ajiye biro.
Ta ce, ka san danƙon nan da ke sa ƙullu ya miƙe?
Wa zai gaya mini? Da shi nake gane buhu mai kyau.
Ta ce, dakarun jikin ɗanka shi suke wa kallon maƙiyi,
garin yaƙarsa su ƙone gonar gida.
Hanji yana da 'yan gashi kamar na darduma,
su ke tsotse amfanin abinci.
Nasa sun kwanta, sun siɗe,
abin da ya ci wucewa yake kamar ruwan Rima.

Siliyak, in ji ta. A jini ake gadon ta,
ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a numfashi.
Kawo yayyensa su ma a duba.
Allura babu, ƙwaya babu.
Magani ɗaya ne: ya rabu da alkama da sha'ir,
ba na wata ba, ba na shekara ba,
rabuwar da babu koma.

Na fito na zauna gindin dogonyaro,
na daɗe ina kallon farin da ke ƙarƙashin farcena.

Kulu ta sayo sabuwar rariya, ta ɗaura mata jan zare.
Mun bar injin niƙan unguwa, turmi ya dawo aiki.
Dunƙulen miya ma sai an karanta takardarsa.
Taliya, fanke, finkaso, duk mun sallame su.
Gero na nan, dawa na nan, ga shinkafar fadama,
ga wake, ga rogo, ga nono, ga nama.

Ni kuma ba na ɗaukarsa sai na sake riga,
sai na wanke har bayan kunne.

Ranar bikin 'yar ƙanwata aka zagayo da alkaki,
yaron ya tura hannu biyu cikin aljihu.
Ni ne na kau da kai.

Wata bakwai ke nan. Zanen gawayi a jikin ƙofa
ya haura yatsu biyu.
Jiya ya zo bakin gidan burodi, ya tsaya a dokin ƙofa,
ya ja iska, ya ce, Baba, ƙamshin ma an hana?

Da dare ina gwada garin shinkafa da na rogo
a wani ɗan tanda da na gina masa a gida.
Yana fitowa yana ruguje mini a hannu.
Jabbi ya tsince gutsattsarin ya cinye,
ya ce, gobe ka sake, ya kusa kama.