Ranar da Sanda Ke Kwanciya

Sau ɗaya a shekara sandar tutarmu take kwanciya.
Cikin Mayu, in sanyi ya saki garin Ribe,
in iskar teku ta rage cizo,
Thorkild kan fito da sifana a aljihun baya
ya ce, “Gudrun, riƙe min gindin.”
Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe gindin.
Ban taɓa taka ƙafa zuwa can ƙarshen ba.

Bana babu mai cewa in riƙe.
Jikata Solveig ce ta zo a jirgin ƙasa,
ta ɗaure gashi, ta naɗe hannun riga.
Noti biyu ne a ƙasa, na saman ya ƙi motsi,
tsatsa ta riƙe masa wuya tun kaka.
Muka ɗiga masa mai, muka je muka sha kofi,
da muka dawo ya juya yana gunaguni
kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana.

Ta sauko a hankali, mita tara ta farin katako,
ta ratsa kan furanni, ta shafi shingen Aksel,
muka ɗora mata wuya a kujerar lambu.
Ashe haka take!
Daga nesa fara fat, abin nunawa baƙo,
kusa kuwa gansakuka ta hau gefen arewa,
gishiri ya ɓare fenti kamar ɓawon albasa,
tsuntsayen teku duk sun bar shaidarsu.

Ruwan ɗumi, sabulu, soso mai taushi.
Kar ki kankare, in ji shi, lallaɓa ta.
Inda katako ya tsage muka cusa masa magani,
inda ya yi kaushi samfefa ta bi.
Igiya ta tsufa, ta yi gashi, tana cin tafin hannu.
Muka ɗinke bakin sabuwa da wutsiyar tsohuwa,
tsohuwar ta ja ta har ta ratsa ɗan wilin sama,
ta nuna mata hanya, sannan ta faɗi a ciyawa.

Ni na kwance ƙwallon tagulla na can kai
don in goge shi da tsumma.
A ƙarƙashinsa, faɗin tafi ɗaya, ba fenti.
Rubutun fensir ne, ƙanana, layi bisa layi:
shekara, da 'yar magana a gefenta.
“Sabuwar igiya.”
“An haifi Solveig, tuta ta yini sama.”
“Guguwa.”
“Rabin sanda, Mama.”
“Gudrun ta yi fushi, na zubar da fenti a furenta.”
Wannan na tuna. Ban san ya kai ƙara sama ba.
Shekaru biyu babu komai sai lamba,
na san su, ba zan faɗa wa yarinya ba.

Solveig ta laluba jaka ta miƙo min fensir.
Na daɗe tsaye, ruwan sabulu na bushewa a hannuna.
Abin da zan rubuta ya fi wurin faɗi.
Na sa shekarar, na sa: “Noti ya yi gardama.”
Na mayar da ƙwallon na ɗaure.

Fenti ya sha kwana biyu kafin ya bushe.
Aksel ya tsallako ya sa mana kafaɗa,
ta miƙe tana rawa kaɗan, sannan ta tsaya.
Muka ɗaga ja mai farin gicciye na 'yan sa'o'i,
muka sauke kafin rana ta faɗi, yadda aka saba,
ba mu bar ta ta taɓa ƙasa ba.

Da dare iska ta taso daga yamma.
Sabuwar igiya ta fara dukan sanda, tas, tas, tas.
Da can shi ke tashi da silifa ya je ya ɗaure,
yana zagin iska ƙasa-ƙasa don kar in farka.
Ina farke kullum.
Yau ma ina farke.
Bari ta ƙara bugawa kaɗan,
silifansa na nan bakin ƙofa.