Abin da Na Tarar a Tumbin Jar Akuya

Ran Litinin, kasuwar Maradi ba ta gama cika ba,
Habsu ta Bagalam ta jawo jar akuyarta mahauta.
Ta ce, "Mantau, wata biyu ke nan ba ta tuƙa.
Na ba ta harawa, na ba ta dussa da kanwa,
ciki ya zama tulu, ƙugu ya zama tsinke."
Na shafa haƙarƙari, na ƙirga su kamar carbi.

Na yi bisimilla, na sa wuƙa.
Fata kam fata ce, ja kamar garwashi,
irin wadda dukawa ke rububi.
Amma da na zo farke tumbi, wuƙa ta turje.
Ba ciyawa, ba kara, ba ƙaiƙayi.
Leda ce, baƙa da fara,
ta murɗe kamar igiyar guga,
ta dunƙule ta kai kan jariri.
Yunwa ke cin baiwar Allah, alhali ciki a cike.

Habsu ba ta yi kuka ba.
Ta sa kara tana tona ƙullin:
"Wannan ta ƙosai ce, wannan ta ruwan sanyi.
Wannan kuwa, Mantau,
ba daga teburinka ta fito ba?"

Ƙuda ya sauka a hannuna, ban kore shi ba.
Shekara ashirin ina fizgar leda daga ƙusa,
tsoka leda, hanta leda,
mai sayen ƙashin miya ma sai na ninka masa biyu.
Ina suke zuwa? Ban taɓa tambaya ba.
Iska ta rataya wa gawo da aduwa,
itacen hanyar Tibiri sun yi baƙaƙen ƴaƴa marasa ciyuwa.
Damina ta cusa saura a magudana,
ruwa ya rasa hanya ya kwana ƙofar gidanmu,
sauro ya ɗaura aure a nan, har ya yi suna.
Abin da ya tsira ya bi gulbi,
manomi ya kafta fartanya ya tono abin da bai shuka ba.

Sai na tuna ƙwaryar innata mai ɗinki uku,
da faifanta a bisa.
Ƙwaryar nan ta girme ni.
Ran da ta fashe aka jefa ta bayan danga,
gara ta ci, ƙasa ta karɓi abinta.

Na kuma tuna Ma'u, autana,
kullum safe kunu mai tururi cikin leda,
ta yi laushi, ta yi lagwas,
ya huda kusurwa da haƙori yana tsotsa.
Akuya dai na farke na gani.
Shi fa?

Washegari na sayo masa langa mai murfi.
Na sa almajirina na fawa ya rubuta da gawayi a bango:
Zo da kwanonka, gyara taka ce.
Barmo na teburin kusa ya yi dariya har da riƙe ciki,
wai Mantau ya zama ma'aikacin tsabta ba albashi.
Masu sauri suka koma wajensa.
Mako guda ina kwana da nama, ina banda da dare.

Sannu-sannu samira ta fara zuwa,
sai kwanon sha, sai akushi mai tsaguwa.
Wani tsoho daga Madarunfa ya zo da sanhon kaba,
wani ɗan kabu-kabu ya ɗaure langa bayan babur.
Ban ce gari ya gyaru ba.
Yanzu ma ga wata can tana rawa bisa waya.

Jumma'ar nan Habsu ta zo da ƙwarya,
ƴar akuyar da aka bari na biye da ita.
Na zuba mata gyara har biyu.

Ƙusar kuwa ban cire ta ba.
Ƙullin nan na wanke, na shanya, na rataya.
Wanda duk ya ce, "Mantau, ba ni leda,"
sai in nuna masa da tsinin wuƙa,
in ce, "Ga ta nan. An riga ka ci."