Lakar Gidimuni

Shekara talatin da ɗaya ina haƙar rijiya
daga Mirya har gefen Tanut,
ban taɓa shiga rami don wani abu ba
in ba ruwa.

Sai ga Falmata, jikar Malam Kiyari na Birni,
wanda ni na gina masa rijiyar tsakar gida,
ta dawo daga karatu da bututun ƙarfe da igiyar awo.
Ta ce, Baba Ibra, laka nake so,
ka fito min da ita yadda Allah ya kwantar da ita,
kada ta sama ta taɓa ta ƙasa.
Na tambayi jika nawa, ta faɗa, na yi shiru.
A raina na ce, yarinyar nan karatu ya yi mata yawa.

Muka kafa a fadamar Gidimuni, bayan dabinai.
Mu huɗu muna dukan bututu tun hantsi,
bai fito ba sai la'asar sakaliya.
Ta shimfiɗa shi a tabarma,
ta tsaga shi biyu kamar kabewa.

Ga jan yashi a sama, kamu uku.
Ta ce, wannan namu ne, da na iyaye da kakanni.
Ƙasa da shi farin layi, bai kai kaurin yatsa ba:
nan tafki ya ƙafe ya bar kanwa.

Sai baƙar laka mai maiƙo,
mai warin gindin randa.
Ta sa tsinke ta tono wani abu kamar ƙwayar dawa,
ta ɗora min a tafin hannu:
katantanwa.

Har da ƙashin kifi, gaɓa guda,
ta kai faɗin kan babban yatsana.
Ta ce shekaru dubbai ke nan,
lokacin damina tana wuce Tanut ba ta ja birki,
tana kaiwa inda yau raƙumi ke tauna ƙaya.
Dorina ta yi wanka a nan, Baba,
kada ya sha hantsi inda ka ajiye takalminka,
garin furen da ke cikin lakar nan
na itatuwan kurmi ne, masu inuwa.

Wai tana da abokan aiki a can yamma, kan teku,
su ma bututu suke zurawa daga jirgi.
Ƙasarmu da iska ta kwasa tana can kwance, bi da bi.
Inda suka ga ta yi kauri, mun sha fari.
Inda ta sirance,
shekarun ne da ƙasa ke riƙe a hannun ciyawa.

Ni dai ubana abin da ya koya min:
in ka kai baƙar laka, yi bisimilla ka wuce,
ruwa na gaba.
Guga nawa na cika da ita na miƙa sama aka watsar?
Ashe takarda nake yagawa.

Na ce, to zai dawo?
Ta daɗe tana rubutu a jikin leda kafin ta amsa.
Ta ce, ya zo ya tafi ba sau ɗaya ba,
amma lissafinsa ba na ran mutum ba ne.
Laka abin da ya wuce ta sani,
ba ta yi min alkawarin abin da ke zuwa.

Bana sau biyu na shuka gero, na farko ya ƙone.
Jiya ina cikin rami a Dogo, gaba tara,
sai diga ta shiga baƙar nan.
Na tsaya. Yaro yana kira daga sama,
Baba, lafiya? A ja?
Na ce, dakata.
Na ɗebo da hannu na kai hanci,
na ji ƙamshin hadarin da ba a yi da ni ba,
na zauna a duhu ina shaƙa,
kamar wanda ya tsinci zanen uwa.