Kifin Aji Biyu

Kwamfuta guda aka kawo mana,
'yar siririya, kamar faifai,
mu kuwa hamsin da bakwai ne,
a Gidan Igwai, bayan injin niƙa.

Na ɗaga ta kamar mai tallar goro.
Kifi ya fito, shuɗi, yana kaɗa wutsiya.
Wata murya a ciki ta ce, "Ki-fi."
Sai Jabbi mai giɓi ya miƙe:
"Malama, ba ta iya ba. Kihi na!"
Dariya har ajin Malam Sambo.

Suka yi layi, kowa da yatsa ɗaya.
Tumba ta lashi nata kafin ta taɓa.
Modi ya leƙa bayan gilashin
yana neman ruwan.
Luba ta ɓoye hannu cikin hijabi,
wai tsoron ƙaya.

Sha ɗaya da rabi, zafi ya sauko daga kwano,
caji ya ƙare, gilashi ya yi baƙi.
Goma sha tara ba su taɓa ba.
Na rasa ta cewa.

Luba ce ta ɗauki guntun alli,
ta durƙusa a tsagaggen siminti,
ta zana ƙato, mai gashin bakin tarwaɗa.
"Wancan ya koma Rima," in ji ta,
"ga ƙanenai."

Na rubuta a ƙasa: kifi.
Jabbi ya dubi harafi na uku,
ya dube ni, ya yi shiru.

In an tashi zan kai ta caji shagon Ɗan'ige.
Daga aljihuna.