Daƙiƙa Bakwai

Daren Asabar a Opelousas, sauro na kuka a jikin raga,
tukunyar jatan lande ta huce a baranda.
Mu tara ne gaban talabijin ɗina,
don jikana Ansel ne zai yi jifa yau,
besbol na jami'o'i, wasan da in ka faɗi ka koma gida.

Mai sharhin talabijin, wani mai farin haƙori daga arewa,
ya buɗe baki ya ce, "Fontinat."
Clovis, ƙanen marigayi mijina, ya miƙe da cokali a hannu:
"Fontano! Kai, Fontano!
Sunan da ke kan kabari goma sha biyu a bayan cocinmu,
shi ne ya gagari harshenka?"

Odile ta ce ai tun zagayen farko
mutumin yake yabon yaran can,
nasu gwanaye ne, namu sa'a ce kawai.
Na ce baƙo ko da ido makaho ne.
Muka toshe masa baki da maɓalli ɗaya,
muka kunna rediyon kicin.

Ga muryar Wendell, kamar tsakuwa a gwangwani.
Shekara arba'in yana wannan kujera,
bai taɓa ɓoye inda zuciyarsa take ba.
In an cuce mu, ya ce an cuce mu.
In mu muka yi cutar, sai tari ya kama shi.

Aibinsa ɗaya:
yana gaban hoton da daƙiƙa bakwai.
Mukan yi ihu tun ƙwallo tana hannun yaro,
mu yi tsaki kafin kulki ya motsa,
kamar masu duba.

Zagaye na tara. Muna gaba da ɗaya.
Mutum biyu a kan zango, saura mutum guda mu tashi.
Wendell ya ce, "Ya ɗaga ƙafa, ya saki..."

Shiru.

Wendell da ko talla ba ta sa shi shiru ba.

Na dubi akwatin.
Ansel na nan tsaye, bai jefa ba tukuna,
yana murza ƙwallo a bayan cinyarsa,
yana lasar leɓe irin na kakansa.
Ni kaɗai da mutum takwas muka riga shi sani.
Daƙiƙa bakwai na riƙe shi a haka,
yaron da bai faɗi ba.

Sannan ƙwallon ta haye katanga.

Clovis ya buɗe wa baƙon baki don ya zage shi da kyau.
Sai muka ji yana cewa a hankali,
"Jifa ɗari da ashirin. Ku tuna sunan nan: Fontano."

Clovis ya zauna. Ya goge cokalin a wandonsa.
Ya ce, "Sai yanzu."
Ba wanda ya kashe rediyon.